SAURI BA GAGGAWA BA: MANHAJAR KWAMFUTA A MA'AIKATUN GWAMNATI DA NA TSARO

Jawabin da wani ɗalibin sashen nazarin kwamfuta ya gabatar a taron hutu na ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan ƙasar Boɗinga da Shagari



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda manyan ma'aikatun gwamnati da na tsaro za su riƙa gama aikin manhajar kwamfuta cikin hanzari. Kafin in shiga ciki ya kamata mu daidaita a kan kalmar. Malamanmu da ke zaune a nan sun san manhaja da ma'anar tsarin darussan da ake bi a makaranta. To, kalmar nan aka ara aka ba jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta bi. Ita na'urar ƙarfe ce da wayoyi, ba ta san albashi ba, ba ta san jarrabawa ba. Manhaja ce take gaya mata ta haɗa wannan, ta ɗebe wancan, ta aika sakamako wuri kaza.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa mutumin Boɗinga ko na Shagari da wannan magana, alhali wutar lantarki ma ba ta wadace mu ba? Amsar tana cikin aljihun kowannenmu. Ma'aikacin tarayya ba ya ganin albashinsa sai manhaja ta yarda da sunansa. Ɗalibi ba ya shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfutar hukumar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ta daina jarrabawar takarda da fensir. Mai jefa ƙuri'a sai na'ura ta shaida fuskarsa ko yatsansa. Sojan Runduna ta 8, wadda hedkwatarta ke Sakkwato, yana buƙatar labari ya iso masa kafin ɓarayin daji su iso ƙauye. Ashe kuwa duk jinkirin da aka yi wajen rubuta manhaja ko gyara ta, a kan wani talaka yake sauka.

Bari in fara da misali daga fagen fama, domin a nan ne jinkiri yake nuna kuɗinsa a fili. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami na Iraƙi ya faɗa kan barikin sojan Amurka a Dahran ta ƙasar Saudiyya, ya kashe soja 28. Akwai na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot a wurin, amma ba ta harba ba. Dalili shi ne agogon da ke cikin manhajarta yana da ɗan kuskuren lissafi wanda ke taruwa kaɗan-kaɗan, kuma da yake na'urar ta yi kusan awa 100 tana aiki ba a kashe ta ba, kuskuren ya kai kimanin sulusin daƙiƙa. Ga makamin da ke gudu irin wannan, sulusin daƙiƙa ya isa na'urar ta duba inda ba ya nan. Abin baƙin cikin shi ne an riga an gano aibin, an kuma rubuta gyaransa. Gyaran ya isa Dahran ranar 26 ga wata, kwana ɗaya bayan an yi gawa.

Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce, me ke sa manyan hukumomi nawa a wannan aiki, alhali su ke da kuɗi da iko? A ganina dalilan uku ne.

Na farko, suna sayen manhaja kamar yadda suke sayen gada. In za a gina gada, injiniya zai auna kogi, ya zana taswira, a ba da kwangila, a gina, a buɗe, shi ke nan. Kogin ba zai sake hali ba kafin a gama. Amma aikin ofis yana sakewa kullum. Doka tana sauyawa, mafi ƙarancin albashi yana sauyawa, dabarun abokan gaba suna sauyawa. In aka shekara biyu ana rubuta abin da ake so, aka shekara guda ana neman ɗan kwangila, aka shekara uku ana gini, to ran da aka kawo kayan an kawo amsar tambayar da aka yi shekara shida da suka wuce. Wani masani Ba'amurke mai suna Winston Royce ya zana wannan tsari na bin mataki bayan mataki tun 1970, ya kuma yi gargaɗi a cikin takardar cewa binsa haka nan kasada ne, domin sai a ƙarshe ake gwaji, lokacin da gyara ya yi tsada. Duk da haka ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa ƙa'ida mai kama da shi a 1985, ba ta maye gurbinta ba sai 1994.

Na biyu, son yin komai a lokaci guda. Iyayenmu suna tuna abin da ya faru a 1975, lokacin da aka yi odar siminti tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, tan miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro ne, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi layi a teku, gwamnati na biyan tarar jira, siminti na daskarewa a cikin jirgi. Irin wannan cunkoso shi ne yake faruwa a babban aikin manhaja, sai dai shi ba a ganinsa da ido. Ingila ta fara wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocinta, ta wargaza shi a 2011 bayan ya ci kimanin Fam miliyan dubu goma. Sojan saman Amurka sun soke wani shirin lissafin kayan aiki a 2012 bayan sun zuba fiye da Dala miliyan dubu ɗaya. Idan irin wannan aiki ya makara, abin da shugabanni suka saba yi shi ne su ƙaro ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa hakan ƙara jinkiri yake yi, domin tsofaffin hannu sai sun bar aikinsu sun koya wa sababbi, kuma yawan mutane yana ƙara yawan shawara.

Na uku, nisan da ke tsakanin mai rubuta manhaja da mai aiki da ita. Babban Sakatare ne zai faɗi abin da ake so, ɗan kwangila ya kai wa ma'aikatansa, akawun da zai zauna gaban na'urar kullum kuwa ba a tambaye shi ba sai ranar buɗewa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Yanzu mu dawo gida, mu auna waɗannan dalilai da abin da muka gani da idonmu. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS, da ma'aikatu 7 a matsayin gwaji. Niyyar kyakkyawa ce, watau a kawar da ma'aikatan bogi, kuma farawa da kaɗan dabara ce mai kyau. Matsala ta taso ne da aka zo kan jami'o'i. Malamai suka ce tsarin bai san malamin da ya tafi hutun bincike na shekara ba, bai san malamin aro da ke koyarwa a jami'a biyu ba, bai san wasu alawus nasu ba. Ƙungiyar ASUU ta rubuta tata manhajar mai suna UTAS, aka yi ta jayayya a kan gwajinta. Wannan rigima tana cikin dalilan yajin aikin wata 9 na 2020 da na wata 8 na 2022. A watan Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, ɗalibai sun yi asarar watannin da ba za su dawo ba, a kan abin da wani sashensa gyaran manhaja ne da ya kamata a zauna da masu aiki da ita a yi shi tun farko.

To, kada a ɗauka maganin nawa shi ne garaje. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma muna da shaida biyu. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 hukumar zaɓe ta kasa ɗora sakamakon zaɓen Shugaban Ƙasa a shafinta na intanet a kan kari, alhali na 'yan majalisa yana shiga. Shafin ya yi aiki a zaɓukan gwamna na Ekiti da Oshun a 2022. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne an tsara manhajar ta jingina kowane sakamako da wata jiha, shi kuwa zaɓen Shugaban Ƙasa na ƙasa baki ɗaya ne, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. An yi gyaran a daren, amma zargin da jinkirin ya haifar ya bi zaɓen har kotu. Haka nan a watan Mayu 2025 magatakardan JAMB, Farfesa Is'haƙ Oloyede, ya fito ya amsa cewa wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai isa wasu na'urori ba, abin da ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin kudu maso gabas, har sai da suka sake zama. A duka biyun gyaran ba mai wuya ba ne. Abin da ya faru shi ne an gano aibin ranar da ƙasa duka ta dogara ga manhajar.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan misalai shi ne, nawa da gaggawa uwarsu ɗaya, watau tara aiki har ya yi yawa sannan a sake shi gaba ɗaya. Mai nawa yana tarawa shekara da shekaru, mai gaggawa yana saki ba tare da dubawa ba, su duka kuwa ba su san ko abin zai yi aiki ba sai ranar ƙarshe. Saurin kirki yana samuwa ne idan an yanka aikin ƙanana, aka gama yanki ɗaya, aka gwada shi, aka miƙa wa masu aiki da shi, aka ji kukansu, aka gyara, sannan aka ɗauki na gaba. Matanmu sun san wannan a madafa: mai miyar biki tana ɗanɗanawa tun tukunya na kan wuta, ba ta jira sai baƙi sun wanke hannu.

Akwai waɗanda suka gwada wannan hanya a cikin gwamnati, har ma a cikin soja. A 2016 wata tawagar masu ba ma'aikatar tsaron Amurka shawara ta ziyarci cibiyar tsara yaƙin sama da ke ƙasar Katar, ta tarar ana tsara yadda jiragen dakon mai za su shayar da jiragen yaƙi a sararin sama da farin allo da alƙalami, aikin da ke cin sa'o'i kowace rana. A lokacin kuwa an daɗe ana jiran wani babban aikin sabunta cibiyar baki ɗaya. Sai aka haɗa 'yan sojan sama kaɗan da wasu masu rubuta manhaja, suka zauna da masu tsara jiragen, cikin 'yan watanni suka fito da ƙaramar manhajar da ta ɗauke wannan aiki guda ɗaya tak. A 2017 aka soke babban aikin, aka kafa sashen da ake kira Kessel Run domin a ci gaba bisa sabuwar hanyar. A 2020 ma'aikatar ta fito da ƙa'idar sayen manhaja dabam da ta sayen jirgi ko tankar yaƙi, wadda ta ce a miƙa wa soja abin da za su iya aiki da shi cikin shekara ɗaya da fara kashe kuɗi. Ingila ma, a shekarar da ta wargaza shirin asibitocin nan, ta kafa sashe na musamman mai ma'aikatansa na gwamnati, wanda a 2012 ya buɗe shafi guda na hulɗar jama'a da gwamnati bayan an gwada shi a bainar jama'a. A nan gida, asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya an fara gwada shi ne a 2012 da wasu ma'aikatu kafin a tilasta wa kowa a watan Satumba 2015, kuma manhajar Remita da aka riƙa karɓar kuɗin da ita kamfanin Nijeriya ne ya rubuta ta.

Jama'a, wannan dabara ta raba babban aiki ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan an ci nasarar jihadi, kuma a nan ne a 1812 ya raba tafiyar da daula gida biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Tun kafin nan ma an ba da tutoci ga shugabanni irin su Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe da Modibbo Adama. Aƙida da doka ɗaya ne, amma hukuncin yau da kullum yana hannun wanda ke kusa da jama'a, domin in an ce kowace magana sai manzo ya kai ta Sifawa ya dawo, da an yi watanni ba a yanke komai ba. Ma'aikatar da take son manhajarta ta fito da wuri ita ma sai ta yi haka: shugabanni su shata ƙa'idojin tsaro da na kuɗi, su faɗi buƙatar da ake son biya, sannan su bar ƙaramar ƙungiya ta yanke shawarar aikinta ba tare da fayil ya hau bene ya sauko a kan kowane ɗan gyara ba.

Darasi na biyu daga Shagari yake. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, ya riƙe ma'aikatar da ke kula da al'amuran ma'aikata da fansho daga 1960 zuwa 1962, lokacin da babban aikin shi ne horar da 'yan ƙasa su gaji kujerun Turawa. Mutanen wancan zamani sun gane cewa ƙasar da ba ta da ma'aikatanta 'yancinta na baka ne. Haka take a yau ga ma'aikatar da ba ta da ko mutum ɗaya da zai iya karanta manhajar da ta saya. Ba ta iya gane ɗan kwangila ya yi aiki ko bai yi ba, kuma duk ɗan gyara sai ta koma ta roƙe shi, a farashin da ya ga dama. Ga rundunar tsaro abin ya fi muni, domin asirinta ne a hannun wani.

Bari in kwatanta yadda abin zai kasance a aikace. A ce gwamnatin wata jiha tana son mayar da lissafin fanshon malaman firamare kan kwamfuta. Tsohuwar hanya ita ce kwangila ɗaya ta dukan ƙananan hukumomi, a yi bikin buɗewa bayan shekara uku. Hanyar da nake ba da shawara ita ce a zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya, a ɗauki aiki ɗaya, alal misali tsoho ya san inda fayil ɗinsa ya tsaya ba tare da ya hau mota zuwa babban birni ba. Mutum biyar ko shida su zauna a sakatariyar tare da akawun da ke riƙe da fayilolin, su kawo abin da ke aiki cikin wata uku. A nan za su gano abin da ba a rubuta a takardar kwangila ba: cewa sunan mutum ɗaya yana zuwa Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, cewa wuta tana ɗaukewa tsakiyar aiki, cewa layin waya yana yankewa. Kada mu manta a watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Manhajar da ba ta iya ajiye aiki har layi ya dawo ba tamu ba ce, kuma wanda ke zaune a Abuja ba lalle ne wannan ya faɗo masa a rai ba. In gwajin ya ci nasara a je ƙaramar hukuma ta biyu. In ya faɗi, an yi asarar wata uku da kuɗi kaɗan.

Na san yayyenmu ma'aikata suna da ja a kan wannan, kuma jan nasu yana da tushe. Za su ce Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 an yi ta ne domin a toshe ɓarna, kuma yanka kwangila ƙanana hanya ce da aka sani ta kauce wa bincike. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a taka doka. Amma a duba wanne ya fi sauƙin ɓoye sata: aikin da ba wanda zai ga komai a cikinsa sai bayan shekara uku, ko wanda kowane wata uku sai an nuna abin da ke aiki kafin a biya kashi na gaba? Mai binciken kuɗi zai fi samun abin kamawa a na biyun. Za su kuma ce harkar tsaro ba ta son gwaji da rayukan mutane. Wannan ma haka ne, shi ya sa ake sa na'ura ta riƙa jarraba manhajar da kanta duk lokacin da aka taɓa ta, a kuma fara sakin gyara ga rukuni ɗaya kafin sauran. Abin da ya faru a Dahran ya nuna cewa jira ma kasada ce, sai dai ita ba mai sa hannu a kanta, don haka ba a tuhumar kowa.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga kowane rukuni da ke wannan ɗaki. Ku ƙananan ma'aikata, yau ku ke rubuta daftarin takardar da manya ke sa wa hannu, gobe ku ne manyan. Duk ran da fayil ɗin sayen manhaja ya biyo ta teburinku, ku rubuta tambaya huɗu a gefensa. Yaushe mai aiki da ita na farko zai taɓa ta? Wa ya zauna da akawu ko sojan da zai yi amfani da ita? In aka gano kuskure yau, kwana nawa gyara zai ɗauka ya isa ƙauye mafi nisa? In ɗan kwangila ya tafi, rubutun manhajar da bayanan jama'a a hannun wa za su zauna? Mu kuwa ɗalibai, kada mu raina aikin gwamnati mu ce sai kamfanin waje. Mai aikin bincike na shekarar ƙarshe ya je sakatariya ko asibiti ko ofishin ilmi na garinsu, ya nemi izini, ya zauna mako guda yana kallon yadda takarda ke tafiya kafin ya rubuta layi ɗaya. Iyayenmu da malamanmu kuma, muna roƙon ku buɗe mana waɗannan ƙofofi, domin ba a koyon iyo a tudu.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kare waɗanda ke tsaron ta, ya sa ilmin da muke nema ya amfani iyayen da suka biya mana shi.